An bar jaki ana dukan taiki: wa ke raɗa wa matsalar muhalli suna?

Ruwan ya tsuge bayan la'asar, kafin a kira magariba layinmu na Bukoki ya koma gulbi. Maƙwabciyarmu mai waina, tsohuwar da duk unguwa ke kira Inna, tana tsaye a ƙofar ɗakinta zane ɗaure a gwiwa, tana kwalfar ruwa da tsohon kwano tana watsowa waje, shi kuma yana komawa ta ƙarƙashin ƙyaure kamar wanda aka aika. Rediyon mai shago na kunne. Wani jami'i ne ke bayani cikin natsuwa: abin da ke kawo ambaliya a Yamai rashin ɗa'a ne, jama'a ke zuba shara cikin magudanan ruwa, don haka za a ƙara wayar musu da kai.

Inna ta miƙe, ta dafa ƙugu. "Ɗana, ka ji wai mu ne. To ina suke so in kai ta? In cinye?"

Duk sati tana biyan yaro mai amalanke ya kwashe mata shara. Yaron ba shi da inda zai kai ta sai wani kango a bayan layi, shi ma ya cika ya tumbatsa tun bara. Iska ta ɗebi leda daga can, ruwa ya ƙarasa aikin. Jami'in bai yi ƙarya ba, domin sharar tana cikin magudanar, ido na ganinta. Amma ya fara labarin daga inda ya ga dama, ya tsaya inda ya ga dama, kuma a ɗan tsakanin nan mutum ɗaya tak ya rage a fili: tsohuwa da kwanonta.

Abin da nake so mu duba ke nan. Matsalar muhalli ba ta zuwa da suna rubuce a goshinta. Wani ne ke raɗa mata, kuma wanda ya raɗa sunan ya riga ya zaɓi wanda zai biya. In aka ce rashin ɗa'a ne, maganin wa'azi da tara. In aka ce rashin motar kwasar shara ne, maganin yana cikin kasafin kuɗi, shi kuwa kasafi yana da mai sa masa hannu. Mai mulki ya fi kowa sanin wannan bambanci.

Hausa ma ta ba mu hanyar kama shi. Ku saurari sanarwa da kyau. Idan laifin na ƙasa ne, mai aikin yana fitowa ɓaro-ɓaro: jama'a suna zubar da shara, mata suna ƙona itace, makiyaya suna cinye ciyawa, manoma suna sare daji. Idan laifin ya hau sama, sai maganar ta rufe fuska: an yanka filaye a hanyar ruwa, an gina kan magudana, ba a samu damar kammala aikin ba. Wannan "an" babbar riga ce, minista da magajin gari da ɗan kwangila duk suna shiga cikinta su zauna ba a ga ƙafar kowa ba. Wani lokacin ma ruwan ake mayarwa mai laifi: ruwa ya ci gidaje, hamada ta cinye gonaki.

Maganar hamadar nan ta girmi jamhuriya. A 1935 wani Baturen Ingila masanin daji, Stebbing, bayan ya zaga arewacin Nijeriya da kudancin ƙasarmu, ya shelanta cewa Sahara na gangarowa kudu, kuma noman ƙauye da kiwo da ƙonar daji ne ke buɗe mata hanya. Maganar ta tada hankali har Ingila da Faransa suka haɗa kwamitin masana daji, suka bi iyakar Nijar da Nijeriya a 1936 da 1937. Da suka dawo suka ce ba su ga alamar hamada na tafiya kamar rundunar yaƙi ba. Amma labarin farko ya fi daɗin faɗa, kuma ya fi amfani ga mai mulki. A shekarar 1935 ɗin dai Faransa ta kafa dokar daji ta yankin Afirka ta Yamma, wadda ta ba hukuma iko kan dazuzzuka, ta jera itatuwan da ba a taɓawa sai da izini. Hujjar a fili take: tunda baƙar fata ne ke lalata dajinsa, sai a karɓe a riƙe masa.

Da fari ya afka wa Sahel daga 1968 zuwa 1974, sai tsohon zargin ya samu rigar kimiyya. A 1975 Jule Charney, babban masanin yanayi na Amurka, ya kawo bayanin cewa idan dabbobi suka cinye ciyawa ƙasa ta yi fari fat, takan mayar da hasken rana sama, iska ta daina tashi yadda hadari zai haɗu, ruwa ya ragu. A taƙaice, Bafillatani da Buzu su ne suka kori damina da shanunsu. A 1977 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi babban taron hamada a Nairobi, tunanin da ya mamaye shi kuwa shi ne mazauna wurin ke jawo wa kansu. Kan wannan aka yi shekaru ana tsara ayyuka, ana neman rage garke, ana zaunar da masu yawo.

Daga baya bincike ya juya. Tun 1986 masana a Ingila suka nuna alaƙar ruwan Sahel da ɗumin tekuna, a 2003 kuma aikin Alessandra Giannini da abokanta ya nuna cewa canjin zafin ruwan teku kaɗai ya isa ya bayyana mafi yawan farin nan. Wasu binciken suka ƙara da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, mai ɗauke da ƙurar farar wuta, ya sanyaya arewacin tekun Atlantika, abin da ya taimaka wajen tura damina kudu. Hotunan tauraron ɗan adam kuma suka nuna bakin Sahara yana gaba yana baya ne gwargwadon ruwan shekara. Ba wai kiwo da sassabe ba sa gajiyar da ƙasa ba, suna yi, duk wanda ya ga faƙon Adar ya sani. Amma ba su ne suka hana sama zubar da ruwa ba. Mun saba cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A nan wani ya ja, wani ya sha dukan, aka kuma tara shi ana yi masa lacca kan yawan awakinsa. Ban taɓa jin an koma rugage an ce a yi haƙuri, mun yi kuskure ba.

Talakawa kuwa suna da nasu sunayen. Yunwar 1984 a ƙasar Hausa ta Nijar ba a kira ta hamada ba, El Buhari aka sa mata, saboda a shekarar gwamnatin Buhari ta rufe iyakar Nijeriya, hatsi ya daina shigowa, ɗan cin rani ya rasa hanya. Mutanen ƙauye sun ga fari da idonsu, amma sun san ba rashin ruwa kaɗai ke kashe mutum ba, akwai hannun da ke rufe ƙofa. Masu mulki su ma sun san nauyin suna. Yadda aka tafiyar da taimakon yunwa na cikin hujjojin da Seyni Kunce ya bayar da ya kifar da Diori Hamani a watan Afrilun 1974. Shi ya sa a 2005 Tanja Mamadu ya tsaya kai da fata cewa babu yunwa a Nijar, ƙarancin abinci ne kawai a wasu wurare. Kalma ɗaya ta taɓa cin kujera, bai yarda a sake furta ta ba.

Mu koma kan itace, don a nan ne abin ya fi fitowa sarai. Ina yaro a ƙauyenmu cikin Adar, na taɓa bin kakana gona lokacin sharar gona kafin shuka. Na ga wani ɗan gawo ya tsiro, bai kai gwiwata ba, ganyensa shar. Tsohon ya sa gatari ya tumɓuke shi har saiwa, ya jefa kan tarin da za a ƙona. Na ce, "Kaka, ba kai ka ce gawo taki ne ba?" Ya dube ni ya ce, "In ya girma ba nawa ba na. Ran da na sare reshe guda in ba tumaki, malamin daji na tahe da takarda." Ya san amfanin gawo fiye da duk wanda zai zo wayar masa da kai: yana zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, 'ya'yansa abincin dabba ne da rani, ƙarƙashinsa zangarniya ta fi kauri. Amma dokar daji ta 1974, wadda ta gaji ta Turawa, ta sa gawo cikin itatuwan da hukuma ke karewa, ko da a tsakiyar gonarka ya fito. Itacen da ba ka da iko da shi, kuma yana iya jawo maka tara, gara ka kashe shi yana ƙarami. Doka ce ta koya wa manomi ƙin itace, sannan rahoto ya rubuta cewa manomi jahili ne mai sare daji.

A wancan zamanin hukuma kuwa ta duƙufa kan dashe. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace, a 1984 aka yi babban taron yaƙi da hamada a Maraɗi. Ba na raina wannan. Dogon yaron da ke yi wa garuruwanmu inuwa yau da yawansa daga nan ya fito, kuma layukan kare iska da aka fara dasawa a kwarin Majiya tun 1975 suna nan ana cin moriyarsu. Sai dai yawancin abin da aka dasa a filayen da ba na kowa ba bai ga rani biyu ba.

Abin da ya dawo da itace a kudancin Nijar ba wa'azi ba ne. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai aikin mishan a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsiron da ake sharewa duk shekara a gonaki ba ciyayi ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka bar reshe biyu ko uku aka rage sauran, cikin 'yan shekaru sai ga itace. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga manoma, su suka sa mata suna sassaben zamani. Abin da ya sa ta bazu shi ne an sassauta tara a yankin da aka fara, daga baya kuma hukuma ta shiga talaucin da ya rage mata ƙarfin sintiri a ƙauyuka, manomi ya fara jin cewa abin da ya raina nasa ne. Dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004 suka ƙara buɗe ƙofa, sai a 2020 aka fitar da dokar da ta amince a rubuce cewa itacen da manomi ya raina a gonarsa nasa ne. Masu bincike da suka gwada tsofaffin hotunan sama da na yanzu sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Mutanen nan dai su ne aka ce ba su san darajar itace ba. Ba a canza musu kai ba, an ɗage musu takarda ne.

Haka tassa a Illela. A 1989 wani aikin raya karkara ya kai wasu manoma Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a faƙo, wato tassa, a zuba taki, ruwa ya taru a ciki. Suka dawo suka gwada, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, har faƙon da a da ba mai so kyauta ya zama abin saye da sayarwa. A Keita kuma, inda aka fara babban aikin gyaran ƙasa a 1984 da kuɗin Italiya, mata ne suka fi yawa cikin masu ɗaukar dutse a ka, mazan sun tafi cin rani. In ana lissafin wanda ya yi wa ƙasar nan hidimar muhalli da guminsa, matan Adar na sahun gaba. In ana lissafin masu laifi kuma, su ɗin dai ake fara kira, wai itacen girki.

To da me za ta dafa? Fiye da gida 9 cikin 10 a Nijar da itace ko gawayi suke girki. An kawo murhun Mai Sauƙi tun shekarun 1980, an kafa kasuwannin itace na karkara a farkon shekarun 1990, matatar mai ta Damagaram ta fara fitar da iskar gas a 2011. Amma wadda ke sayen itacen dala ashirin kullum ba ta da kuɗin tukunyar gas a dunƙule, kuma duk mazaunin Yamai ya san makonnin da ake yawo da tukunya bayan kabu-kabu daga wannan shago zuwa wancan ba a samu ba. Manyan motocin da ke shigowa gari maƙare da itace daga yankin Torodi da Say kuwa ba na matan ƙauye ba ne, kuma ba ta sama suke bi ba, ta gaban shingaye suke wucewa.

Wannan salo na juya laifi ba mu muka ƙirƙiro shi ba, a Amurka ma sana'a ce mai ofis da ma'aikata. A 1953 jihar Vermont ta hana sayar da giya a kwalbar da ba a mayarwa. A shekarar ce kamfanonin gwangwani da kwalabe da na abin sha suka kafa ƙungiyar Keep America Beautiful, suka zuba kuɗi a talla har Ba'amurke ya yarda cewa matsalar ba kamfanin da ke ƙera abin yarwa ba ce, ƙazamin da ke jefarwa a titi ce. A 2004 kamfanin mai na BP ya fito da ma'aunin da kowa zai shiga intanet ya lissafa hayaƙin da rayuwarsa ke fitarwa, motarsa da girkinsa da tafiyarsa. Mai haƙo man ne ke tambayarka nawa ka ƙona. Shekara 6 bayan haka rijiyarsa ta fashe a mashigin tekun Meziko, mutum 11 suka mutu, ɗanyen mai ya yi kusan wata 3 yana kwarara.

Mu a nan leda ce misalin. A watan Nuwamban 2014 Nijar ta kafa dokar hana ƙerawa da shigowa da sayar da baƙar ledar nan mara kauri. Yau ka je Katako ko Wadata ka sayi tumatir na dala goma, a leda za a ba ka, in ka yi sa'a a ninka maka biyu. Ledar ba a gonar kowa take tsirowa ba. Tana da masu shigo da ita, tana da hanyar da take bi, kuma waɗannan ba su kai yawan masu saye ba, in ana son kama bakin zaren an san inda yake. Amma ya fi sauƙi a buga allo a ce ɗan ƙasa nagari ba ya yar da leda, alhali daga nan har inda idonka ya tsaya babu kwandon shara ko ɗaya, kuma ruwan da zai sha a hanya ma a leda yake.

Ambaliya ta fi wannan sarƙaƙiya, kuma dole a yi mata adalci. Kogin Kwara a Yamai yana cika sau biyu: akwai ruwan da ke tahowa daga tsaunukan Gini ya iso da sanyi, akwai kuma jan ruwa na damina da Sirba da Dargol da Goruwal ke kawowa daga ɓangaren Burkina. Masana sun daɗe da lura da wani abin mamaki: ko a shekarun da ruwan sama ya ragu, ruwan da ke gangarowa cikin waɗannan rafuka ƙaruwa ya yi, saboda ƙasar da ta rasa ciyayi ta daskare ba ta shan ruwa, sai ta tura shi gaba da yashi. Yashin ya cike gadon kogi, ruwan sama kuma yanzu yana zuwa da ƙarfi a ɗan lokaci. A watan Satumban 2020 kogin ya kai wajen santimita 700 a ma'aunin Yamai, alhali daga 620 ake shelar jan gargaɗi, shingen ƙasa ya ɓalle, unguwanni irin su Lamorde da Saga suka nutse. A 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a faɗin ƙasa, ta shafi fiye da miliyan 1, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba.

Duk shekara sai a ce mutane ne suka yi taurin kai suka zauna a hanyar ruwa. Wasu kam haka ne, an raba musu fili a tudu sun sayar sun koma bakin kogi, domin a can lambunsu da kamun kifinsu da kasuwarsu suke. Amma garin da bai wuce mutum dubu 30 da 'yan kai ba lokacin samun 'yancin kai, ya haura miliyan 1 a ƙidayar 2012, kuma tsallaken kogi ya cika ne bayan an buɗe gadar Kennedy a 1970, a idon kowa. Da yawa cikin gidajen da ruwa ke ci suna da takarda mai hatimi. Yanka filaye ya daɗe da zama hanyar samun kuɗin hukumomin gari, akwai ma lokacin da gwamnati ta biya ma'aikata bashin albashinsu da filaye. Ana yanka fili kafin a ja magudana, wani lokacin ba a ja ta har abada. Dajin dogon yaro da aka fara kewaye Yamai da shi a 1965, mai faɗin sama da hekta 2,000, ba masu neman itacen girki ne suka gama da shi ba, gidajen siminti ne masu katanga da ƙofar ƙarfe. Madatsar Kandaji da aka aza harsashinta a 2008 har yau ana jira. A duk waɗannan, "an" ce ke aiki.

Yanzu kuma sabuwar riga ta shigo, canjin yanayi. Gaskiya ce tsantsa, kuma zalunci ne tsantsa. Ɗan Nijar a shekara yana fitar da kimanin kashi ɗaya cikin goma na tan guda na hayaƙin da ke ɗumama duniya, Ba'amurke yana fitar da wajen tan 14. Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin 100 ba. A Kopenhagen a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara daga 2020, ba su cika ba sai a 2022 bisa lissafinsu, kuma kaso mai yawa bashi ne. Idan shugabanninmu suka faɗi wannan a taron duniya, ina bayansu. Matsalar ita ce kalmar tana dawowa gida ta zama wurin fakewa. Canjin yanayi ne ya kawo ruwan, na yarda, amma ba shi ya sa hannu a takardar fili cikin kwari ba, ba shi ya karɓi kuɗin yashe magudana ba. A da in an rasa abin cewa sai a ce ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma addinin da ya koya mana ita shi ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kuma ba a taɓa jin ɗan kwangila ya bar kuɗinsa ga ƙaddara ba.

Su ma na waje suna da tasu rigar: haihuwa. A 2017 shugaban Faransa Emmanuel Macron ya tsaya a Hamburg ya danganta matsalar Afirka da mata masu haihuwar 'ya'ya 7 zuwa 8, kowa kuma ya san da wa yake. Yawan jama'a yana matsa wa gona da daji, wanda ya ga yadda gādo ke raba gona gida goma ba zai musa ba, mu ma muna tattauna shi tsakaninmu. Amma in maganar ɗumamar duniya ake, sai yara fiye da ɗari na Bagaruwa ko Tabalak sun haɗu kafin su kamo hayaƙin mutum ɗaya na Amurka.

Arlit kuwa ta ishi kowa misali, kuma tana yanka ta kowane ɓangare. An fara haƙar yuraniyom a can a 1971, mahaƙar Akokan ta biyo baya a 1978 ta rufe a watan Maris na 2021, ta bar tarin dusar ma'adini mai guba kimanin tan miliyan 20 a fili. Tun 2003 masu bincike masu zaman kansu daga Faransa suka samu ƙarafa masu ɗauke da tururin guba ana sayarwa a kasuwar garin, mutane na yin tukwane da rufin ɗaki da su. Almustafa Alhasan da ƙungiyarsa ta Aghir In'man sun yi shekaru suna kuka kafin duniya ta waiwaye su. Laifin kamfanin Faransa da ya yi haƙar a nan ba ya ɓoyuwa. Sai dai kafin 2025 gwamnatin Nijar ta daɗe tana da kusan kashi ɗaya cikin uku na hannun jari a waɗannan mahaƙai, tana da kujeru a hukumar gudanarwarsu, tana da ma'aikatar da aikinta sa ido ne. Yanzu da aka mayar da Somaïr, kamfanin da ke haƙar yuraniyom a Arlit, hannun ƙasa a 2025, babu sauran wanda za a nuna da yatsa a ƙetare kan ƙurar da za ta tashi gobe. Wannan ne gwajin gaskiya na maganar 'yanci, kuma mutanen Arlit ne za su fara sanin sakamakon, a ƙirjinsu.

Kada a ɗauka ina wanke talaka tas. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na ga mai mota ya sauke gilashi ya jefo leda, na ga mai gida ya jawo bututun makewayinsa ya saka cikin magudana da daddare, na ga wanda ya toshe hanyar ruwa da katanga ya tura wa maƙwabcinsa. Waɗannan ba talauci ya sa su ba, kuma limamin da ya yi huɗuba kansu ya kyauta. Abin da na ƙi shi ne a ɗora wa mutum nauyin abin da ba shi da iko a kansa, a sauke wa mai ikon. Nauyi yana tafiya ne da iko. Wanda ke da kwano a tambaye shi aikin kwano, wanda ke da kasafi da hatimi da motoci a tambaye shi nasu, da sunansa, da adadin da aka ware, da ranar da ya ce zai gama. Wayar da kai da ba ta zo da kwandon shara ko tukunyar gas ko takardar mallakar itace ba, ba ta wuce neman wanda za a ce shi ne ba.

Sati biyu bayan ruwan nan, samarin fadar layinmu suka amsa kiran tsabtace gari. Suka ajiye butar shayi, suka ari shebur da baro, suka shiga magudanar har cinya. Inna ta soya musu waina kyauta. Kafin azahar sun fito da baƙin taɓo da leda da tsumma da mataccen takalmi, suka jera tsibi-tsibi a bakin titi, don an ce mota za ta zo ta kwashe. Wani ya ɗauki hoto ya sa a Facebook, aka yi ta sa musu albarka. Tsibin ya kwana ɗaya, ya kwana huɗu, awaki suka baje na gefe, rana ta busar da samansa. Daren na shida hadari ya haɗo daga gabas. Da safe na fito na tarar bakin titin fes, magudanar kuma cike har baki, Inna na tsaye a ƙofa tana neman inda ta ajiye kwanonta.